Yadda Za Ki Mayar da Tsarabar Garinku Sana'a a Legas

Duk 'yar Arewa da aure ko aiki ya kawo ta Legas ta san nauyin jakar da ake dawowa da ita daga gida: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, ƙuli-ƙuli, garin ɗanwake, man shanu, ga kilishi naɗe a takarda. Kafin ki huce gajiya maƙwabta sun ji labari, kafin mako ya zagayo kaya sun ƙare. Ni Bakanuwa ce, a cikin badala aka haife ni, yanzu ina zaune a Agege. Da koyarwa nake yi a wata makarantar kuɗi, yau kuwa dambun nama da yaji da garin kunu ne ke riƙe da ni. Mata da dama sukan tambaye ni ta ina za su fara, kuma na lura kunya ta fi rashin jari tsayar da su. Mun tashi mun tarar abin gida kyauta ake bayarwa. To yaya za ki dubi matar da kuke zuwa Islamiyya tare ki ce mata kuɗinsa kaza ne? Ranar da kika iya furta wannan, kin ci rabin yaƙin.

Ki zaɓi abu ɗaya

Kada ki fito da kaya goma. Ki duba abin da in kin yi ake tambayar wa ya yi shi, sannan ki tabbata yana jure ajiya, kuma babu mai kyau irinsa a kusa da ke. Albasa da tattasai da tumatir manyan motoci ke sauke su kullum a kasuwar Mile 12, ba za ki ja da su ba. Fura da nono kuwa sai da firij, kin kuma san halin wutar lantarki. Idan hannunki ya faɗa a alkaki, nakiya ko dubulan, kin yi sa'a, domin kayan gara sai an sa ranar biki ake yin odarsu, kuma mai oda ita ke fara ba da rabin kuɗi. Da kuɗinta za ki sayi alkama da zuma da mai.

Kilishi ki bar wa masu shi. Aikin mahauta ne da suka gada: a fere nama siriri, a shanya, a tsoma a labu, wato kwaɓin gyada da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a gasa. Shanyar nan biyu tana son rana mai zafi da busasshiyar iska, abin da Legas ba ta cika samu ba sai ɗan lokacin hunturu. In kilishi kike son sayarwa, ki nemi mutum ɗaya amintacce a gida, ko a Agadasawa ko inda kika saba saye tun kina yarinya, ki tsaya a kansa. Masu saye suna gane ranar da hannu ya canza.

Laima ita ce babbar abokiyar gaba

A nan nake son ki nutsu. Abin da ke yin wata biyu a kan kanta a Kano yana iya yin fumfuna cikin kwanaki a Legas. Ruwa yakan yi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba, kuma ko ba a ruwa iskar kanta a jiƙe take.

Dambun nama a nan nake yin sa, ba na aikowa da shi. Shanun da ake yankawa a mayankar Oko-Oba akasarinsu daga Arewa aka kawo su, saboda haka naman gida ne. Ki yi sammako, ki zaɓi tsoka zalla ta cinya, ki cire kitse da jijiya, domin kitsen ne ke fara sauya wari. Ki dafa da albasa, citta, tafarnuwa da gishiri har ruwan ya tsotse a jikin naman, kada ki zubar da romo. Ki daka a turmi tun da ɗuminsa. Wajen suya kada ki yi gaggawa: wuta kaɗan-kaɗan, kina juyawa ba tsayawa, har man ya daina kumfa, dambun ya yi sakayau a ludayi. Ki tsane man sosai, ki baza a babban faranti ya huce sarai. Wanda aka ƙulle da sauran ɗumi gumi zai yi a cikin leda, gumin nan kuma shi ne mafarin lalacewa. Bayan an sauke kada a ƙara ɗanyar albasa, kada a sa jiƙaƙƙen cokali.

Daga kowace suya ki ware ƙunshi kaɗan ki ajiye a irin wurin da mai saye zai ajiye nasa, kina buɗe ɗaya duk mako kina shinshinawa kina ɗanɗanawa. Da haka za ki san iyakar kwanakin da kayanki ke yi, ki rubuta ƙasa da haka a jikin leda. Kada ki kwafi na wata.

Gyada kuma ki tsince ta da hannu, ko ta ƙuli ce ko ta kunu. Duk ƙwayar da ta yamutse, ta canza launi ko take ɗaci, ki zubar. Fumfunar gyada tana haifar da gubar da ake kira afulatoksin, mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Yaran mutane ne za su sha kunun nan. Ba na sassauci a wannan, ko da mudu guda zai tafi a tsinta.

Na'urar liƙe leda ta hannu da ƙaramin sikeli su ne kayan aikin da za ki fara saye, kafin kwali mai ado.

Lissafi, da batun bashi

Ki auna nama ɗanye, ki sake aunawa bayan ya zama dambu. Raguwar za ta ba ki mamaki, kuma a kan nauyin ƙarshe ake yanke farashi. Ki haɗa kuɗin mai, kayan ƙamshi, gas, leda, kuɗin mota zuwa mayanka, katin waya, da ladan wadda ta taya ki daka. Sannan ki sa wa kanki lada, domin yinin da kika yi a gaban wuta ba banza ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin sufuri ya daina zama wuri ɗaya, don haka duk suya sai ki sake lissafi. Idan kaya sun tashi, ki ƙara farashi ki faɗa wa mutane gaskiya, ko ki fito da ƙaramin ƙunshi mai sauƙin kuɗi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a cika yaji da gari da gishiri, ko a rage nama a ƙara mai. Araha ba ta ado.

Sai batun 'yan'uwa da ƙawaye, inda sana'ar mata da yawa ke mutuwa. Ba na cewa ki daina kyauta, Allah ya kiyaye, ai da kyautar aka san mu. Ki ware wa kyauta kasonta tun kafin ki fara ƙullawa, ki sa a lissafi. Idan babbar mace ta miƙo hannu, ki ce, "Hajiya, ga naki na ɗanɗano, wannan kuma na ciniki ne." Ki faɗa da fara'a, ki yi shiru, kada ki bi da dogon ban haƙuri. Yawancin mutane sun fi mutunta wannan fiye da yadda kike tsammani. Bashi kuwa, in ya zama dole, ki rubuta a gaban mai karɓa tare da ranar biya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka babu abin jin nauyi.

Jarin farko ya zama kuɗin da in sun salwanta tukunyar gida ba za ta tsaya ba. Kwasar adashi ta isa. Kada ki taɓa kuɗin makarantar yara, kada ki sayar da ɗankunnen gwal a karon farko, kuma ki nisanci manhajojin waya masu ba da bashi da ruwa. Idan yayanki ko ƙaninki zai zuba kuɗi, ku yi shi a tsarin mudaraba: shi da dukiya, ke da aiki, ku amince da kason riba tun farko, asarar kuɗi kuma tana kan mai dukiya matuƙar ba sakacinki ya jawo ta ba. Shi ma a rubuta, da shaidu.

Maigida ki zauna da shi tun kafin ki sayi kilo ɗaya. Hayaƙi da ƙamshin suya a gidansa za su tashi, 'yan aike ƙofarsa za su riƙa bugawa. Ku tsayar da lokacin karɓar kira da wurin miƙa kaya, ki kuma ware layin waya na sana'a daban.

Kayan da ke zuwa daga gida

Tsakanin Kano da Legas wajen kilomita 1,000 ne, kaya kuma sukan kwana a hanya. Ki sami mutum ɗaya da zai riƙa yi miki sayayya, ki biya shi ladan wahalarsa ko da ƙanwarki ce uwa ɗaya uba ɗaya. Aiken da ba lada wata uku yake yi a fara ƙin ɗaga waya. Gero da gyada da wake a saya da kaka, lokacin da sabon amfani ya cika kasuwar Dawanau ta Kano. Kuka ki ce a nemo miki wadda aka shanya a inuwa, ita ce ke zama kore shar. Daddawa a ƙulle ta ita kaɗai a roba mai murfi, in ba haka ba garin kununki duk zai ɗauki warinta. Man shanu a liƙe bakinsa a sa a leda biyu. A rubuta sunanki da lambarki a jikin buhu da babban rubutu, a turo miki lambar direba da ta mota, ki kuma aika a ɗauko da zarar ta iso tasha.

Masu saye

Da 'yan'uwa Hausawa za ki fara, kuma Agege ba ta rasa su, tun zamanin da cinikin goro da jirgin ƙasa suka zaunar da kakanninsu a nan. Akwai su a Idi-Araba da Obalende da sauran unguwanni. Amma kada ki tsaya nan. Yarabawa da Ibo da ke saye a wurina suna da yawa, wasu sun yi hidimar ƙasa a Arewa, wasu can aka haife su, suna neman ɗanɗanon da suka bari. Kada ki sauya girkinki don ki burge su, abin da suka zo nema ke nan. Iyaka ki yi mai yaji sosai da mai sauƙi. Ki bar wa kayan sunansu na Hausa, ki yi bayani a ƙasa, ki faɗi daga ina suke. Ina jin daɗi ƙwarai in na ji wata Bayarabiya ta kira ta ce a kawo mata garin kunun tsamiya, da sunansa. Duk abin da ke da gyada a ciki ki rubuta ɓaro-ɓaro, domin akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarta, har takan kai su asibiti.

Hoto ki ɗauka da hasken rana, na ainihin abin da za ki aika, ki sa a WhatsApp. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ciniki da dama ya koma tura kuɗi ta waya, sai ki kula da saƙon banki na bogi. Ki buɗe asusunki ki ga kuɗin da idonki kafin ɗan aike ya tashi.

Idan abu ya kankama, ki yi wa sunan sana'arki rajista a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, ana yi ta intanet, da shi za ki buɗe asusun banki na kasuwanci. In kuma kina son kayanki su hau kantar manyan shaguna, sai da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Jami'ansu sukan zo su duba wurin aiki, suna son keɓaɓɓen wuri mai tsafta, da takardar jikin kaya mai ɗauke da abubuwan da aka haɗa, nauyi, adireshi, ranar yi da ranar ƙarewa. Ki fara sabawa da rubuta waɗannan tun yanzu.

Yaushe za ki ajiye aikin albashi?

Wannan ce babbar kasadar, kuma ba na son ki yi ta da zafin cinikin wata ɗaya. Da azumi garin kunu da yaji tafiya suke yi kamar a ƙwace. Bayan Babbar Sallah kuwa kowane gida da namansa, dambu sai ya kwanta makonni. Ki riƙe aikinki kina suya ranakun Asabar har ki ga shekara ta zagayo, ki san watan cika da watan rama. Idan littafinki ya nuna ribar watannin rama ma tana kusantar albashinki, kuma kina mayar da oda saboda rashin lokaci, to lokaci ya yi. Tsoro ba zai tafi ba, ni ma da shi na miƙa takardata, kuma za a sami masu cewa kin yi karatu kin ƙare a gaban kasko. Ki yi istihara, ki shawarci mutum biyu da suka san kasuwa da gaske, ki ajiye kuɗin cefanen wata uku a gefe inda jari ba zai taɓa su ba. Sannan ki sanar da wurin aikinki da wuri kamar yadda ƙa'idarsu ta tanada. In malama ce ke kamar yadda na kasance, ki bari zangon karatu ya ƙare, ki gama duba takardun jarrabawar yaran, ki miƙa sakamakonsu kafin ki tafi.