Yadda na gyara sirdin bishiya ya daina matse min kwatangwalo

Alhamdulillahi yau dai na samu sa'ida. Tunda aka buɗe farautar barewa da baka a nan jihar Ohio ta Amurka ƙarshen Satumba nake fama, da na hau bishiya na rataya a sirdin nan, wato abin zaman da maharbi ke ɗaurawa a ƙugu ya rataya jikin bishiya da igiya, ko awa ɗaya bana yi sai kwatangwalo ya fara zugi ƙafar dama ta mutu, dole in ta mutsu-mutsu kuma barewa bata son motsi ko kaɗan.

Da farko na zaci sirdin ne yai min kaɗan, saura kiris in sayi wani. Na ƙara matse bel ɗin ƙugu abin ma ya ƙaru, na cusa soso, a banza.

Ashe igiyoyin ne. Na gwada a gindin bishiyar bayan gida, taku ɗaya daga ƙasa. Igiyar dake haɗa gefe biyu na sirdin ta gaba tai gajarta shi yasa take tattaro ƙashin kwatangwalo, sai na zare ɗaurin prusik ɗin (ƙullin da ake zamewa a ƙara ko a rage tsawon igiya) na ƙara mata kamar inci 6. Igiyar da nake ɗaurawa jikin bishiya kuma da can sama da kaina take, na sauko da ita daidai goshi. Sannan bayan na maƙala ƙugiya na kulle ta nauyina ya hau, na sassauta bel da maɗaurin cinya kaɗan, ban kwance ba fa, na ja sirdin ƙasa ya tallafe mazaunai. Na sa matashin gwiwa saboda jingina da bishiya.

Jiya awa 4 na zauna ba ciwo. Abokina da ya tsaya yana duba min igiyar, Allah ya saka da alheri.