Hutun shekara mai albashi: ka san kwanakinka kafin ka sa hannu

Idan aka miƙa wa sabon zuwa ƙasar waje takardar ɗaukar aiki, albashi yake fara dubawa, daga nan sai ya nemi inda zai sa hannu. Layin da ya yi maganar hutun shekara ba kowa ke tsayawa a kansa ba, saboda mutum yana ganin bai ma fara aikin ba, ina shi ina zancen hutu. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ku tsaya a kan wannan layin. Hutun shekara mai albashi wani yanki ne na ladan aikinku, kwanaki ne da za a biya ku kuna zaune a gida ko kuna kan hanyar ganin iyaye. Wanda ya bar su suka wuce bai karɓa ba ya yi wa kamfani aikin makonni kyauta.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar da ma'auni tun 1970, a yarjejeniyarta mai lamba 132: kada hutun ya gaza mako uku na aiki a shekara, kada a lissafa ranakun hutun gwamnati a cikinsa, kuma a bar ma'aikaci ya samu aƙalla mako biyu a jere ba yankewa. Ba kowace ƙasa ce ta rattaba hannu a kai ba, shi ya sa abin da za ka samu ya danganta da inda ka sauka.

A ƙasashen Tarayyar Turai dokar lokutan aiki ta 2003 ta ce mako huɗu ne mafi ƙaranci, kuma kowace ƙasa tana iya ƙarawa. Faransa, wadda ta fara bai wa ma'aikata mako biyu a 1936 zamanin gwamnatin Léon Blum, ta kai mako biyar tun 1982. Kowane wata ka yi aiki kana tara kwana biyu da rabi. A Suwidin kwana 25 ne. A Jamus doka ta ce kwana 24, amma da mako mai ranakun aiki shida aka yi lissafin, don haka mai aikin Litinin zuwa Juma'a kwana 20 ne haƙƙinsa a doka, ko da yake yarjejeniyoyin da ƙungiyoyin ƙwadago suka ƙulla sukan kai shi 30. Sai ka cika wata shida a wurin aiki cikakken haƙƙin yake tabbata, kafin nan kana tara kaso ne wata-wata.

Birtaniya ce inda na fi ganin mutanenmu suna rikicewa, don haka bari in daɗe a kanta. Doka ta ba da mako 5.6, wato kwana 28 ga mai aikin kwana biyar a mako. Sai dai kamfani yana da damar saka ranakun hutun banki, wato ranakun hutun gwamnati, a cikin 28 ɗin, kuma a Ingila da Wales guda takwas ne a shekara. Ke nan kwanakin da kai za ka zaɓa da kanka 20 ne kawai. Idan takarda ta ce kwana 25 ban da hutun banki, jimilla 33 ke nan, ta fi mai cewa 28 har da hutun banki da mako guda cur. Mai aikin kwana uku a mako sai ya ninka uku da 5.6, ya samu kwana 16.8. Masu aikin da ba shi da tsayayyun awoyi, irin masu kula da tsofaffi da ma'aikatan rumbunan kaya da hukumomin samar da aiki ke turawa, su ma suna da haƙƙi: tun Afrilun 2024 ana lissafa musu kashi 12.07 cikin ɗari na awoyin da suka yi, wato duk awa 100 tana haifar da kusan awa 12 ta hutu. Doka ta yarda a riƙa haɗa musu kuɗin hutun a cikin albashi, muddin an nuna shi a layinsa daban a takardar biya. To a nan ne tarkon yake. Kuɗin yana shigowa kaɗan-kaɗan, ana kashe shi tare da sauran, ranar da jiki ya nemi hutu sai a tarar babu abin da za a zauna a kai. Idan haka ake biyan ka, ka riƙa ware wannan kason a gefe tun daga albashin farko.

Amurka kuwa babu dokar tarayya da ta tilasta wa kowa ba da hutun shekara mai albashi, ko kwana ɗaya. Abin da ke rubuce a takardar aikinka ko a littafin ƙa'idojin kamfani shi ne naka. Yawancin masu cikakken aiki suna farawa da kimanin mako biyu, kuma wurare da dama suna haɗa hutu da ranakun rashin lafiya a jaka ɗaya, ta yadda zazzaɓin kwana uku zai ci daga kwanakin tafiyarka. Jihohi sun bambanta: a Kalifoniya hutun da ka tara albashi ne a idon doka, ba a ƙwace shi, kuma dole a biya ka shi ranar da ka bar aiki. A Kanada ma'aikatan da ke ƙarƙashin dokar tarayya suna samun mako biyu bayan shekara ɗaya, uku bayan shekara biyar, huɗu bayan goma, amma mafi yawan ayyuka dokar lardi ce ke hukunta su.

A Saudiyya dokar ƙwadago ta ba da kwana 21, su zama 30 bayan shekara biyar a jere a wuri ɗaya. Akwai kuma hutun aikin Hajji na kwana 10 zuwa 15, sau ɗaya, ga wanda ya cika shekara biyu yana aiki kuma bai taɓa sauke farali ba. Masu aikin gida tsarinsu daban ne, wata guda bayan shekara biyu. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kwana 30 ne bayan shekara ɗaya, amma kwanakin kalanda ne, ƙarshen mako yana ciki, saboda haka ga mai aikin kwana biyar ba su wuce kusan ranakun aiki 22 ba.

Kun ga ke nan adadi kaɗai ba ya gaya muku gaskiya. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, don haka kafin sa hannu a tambaya: ranakun aiki ne ko na kalanda, hutun gwamnati yana ciki ko yana waje, kuma yaushe shekarar hutun take farawa? Wasu wuraren daga Janairu suke lissafi, wasu daga Afrilu, wasu daga ranar da ka fara aiki. Babu manajan kirki da zai ji haushin waɗannan tambayoyi, ana yi masa su kullum. Akwai wata tambayar da ta fi su nauyi, ita ce ko an ɗauke ka a matsayin ma'aikaci ne ko mai zaman kansa. Mai zaman kansa ba shi da hutu mai albashi, kuma akwai masu maƙala wa mutum wannan suna alhali su ke tsara masa lokaci da farashi. A 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci cewa direbobin Uber da suka kai ƙara ma'aikata ne, suna da haƙƙin kuɗin hutu. Abin da kake yi a zahiri kotu take dubawa, ba sunan da aka rubuta kawai ba.

To nawa ya dace kamfani ya bayar? A ganina mako huɗu, ban da hutun gwamnati, shi ne mafi ƙarancin da bai kamata a sauka daga kansa ba, mako biyar kuma shi ne adalci. Mako biyu ba ya isar kowa, balle wanda iyayensa suke wata nahiya. Tafiya da dawowa kaɗai sukan ci kwana uku ko huɗu, sannan ga ranakun da makarantar yara take rufe, ga ranar zuwa ofishin shige da fice, ga ranar da za a raka iyali asibiti. Idan an cire waɗannan daga kwana goma, babu sauran abin da za a kira hutu. Kamfanin ma ba riba yake ci ba, domin gajiyayyen ma'aikaci shi ke yin kuskure a kan inji ko a lissafi, shi ke kwanciya ciwo, shi ne kuma yake ajiye aiki a sake kashe kuɗin koya wa wani. Abin da na fi so masu ɗaukar aiki su gane shi ne damar haɗa kwanaki. Kwana 25 da ba a yarda ka ɗauki fiye da biyar a jere ba, amfaninsu kaɗan ne ga mai tafiya mai nisa. Idan kana da halin ciniki a kan sharuɗɗan aiki, ka nemi a rubuta maka cewa za ka iya ɗaukar mako uku a haɗe sau ɗaya a shekara. Sau da yawa wannan ya fi sauƙin samu a kan ƙarin albashi.

Wajen neman hutu, a rubuce ake yi, ta imel ko ta manhajar kamfani, kuma da wuri. A Birtaniya, idan takardar aiki ba ta faɗi wani abu daban ba, sanarwar da za ka bayar ninki biyu ce na kwanakin da kake nema da ƙarin kwana ɗaya. Kusan ko'ina kamfani yana iya cewa ba wannan lokacin ba, yana ma iya tilasta wa kowa hutu lokacin da yake rufewa, kamar ƙarshen Disamba. Kada ka sayi tikitin jirgi sai amincewa ta zo a rubuce. Kada kuma ka ƙara ko kwana ɗaya a kan abin da aka amince, domin wanda bizarsa take rataye da aikinsa, rashin dawowa a kan lokaci yana iya taɓa zamansa a ƙasar gaba ɗaya. Idan wani uzuri ya tsare ka, ka rubuta wa manaja tun kafin ranar dawowar ta yi.

Na san abin da ke hana da yawa daga cikinmu tambaya: kunya, da tsoron kada a ce malalaci ne, da son a nuna godiya ga wanda ya ba mu aiki. Ina girmama wannan hali, amma ba a nan wurinsa yake ba. Abokan aikinka suna ɗaukar nasu har kwana na ƙarshe kuma babu mai ganin laifinsu. A wurare da yawa kwanakin da ba ka ɗauka ba suna ƙonewa idan shekara ta ƙare. A Jamus, idan akwai dalili, ana iya ɗage su zuwa 31 ga Maris kawai, ko da yake Kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2018 cewa ba za su ƙone ba sai kamfani ya sanar da ma'aikaci a fili ya kuma ba shi damar ɗauka. Idan ciwo ya kama ka a tsakiyar hutu, ka karɓi takardar likita. A Jamus ranakun da takardar ta nuna ba a cire su daga hutunka, a Birtaniya ma kana iya neman a mayar da su hutun rashin lafiya.

A Tarayyar Turai da Birtaniya ba a yarda a saye maka mafi ƙarancin hutun da doka ta tanada da kuɗi ba, sai idan aikin ya ƙare. Ranar da za ka bar wuri, ko kai ka ajiye ko sallamar ka aka yi, ka duba takardar biyan ƙarshe ka ga ko an saka kuɗin kwanakin da ka tara ba ka ɗauka ba. A Saudiyya da Daular Larabawa ma doka ta ce a biya kuɗin waɗannan kwanaki idan aiki ya ƙare. Ka ajiye takardun albashinka da duk saƙonnin amincewa da hutu a wayarka ko imel ɗinka na kanka, domin ana rufe na kamfani da zarar ka fita. Idan lissafin bai yi daidai ba, ka fara rubuta wa sashen kula da ma'aikata. Idan ba su gyara ba, a Birtaniya hukumar Acas mai sasanta rikicin aiki tana ba da shawara kyauta, a Jamus ƙungiyar ƙwadago ko majalisar ma'aikatan kamfani za su taimaka, a ƙasashen Larabawa kuma ma'aikatar ƙwadago ce ke karɓar ƙorafi. Ka yi da wuri, saboda wa'adin shigar da irin wannan ƙara gajere ne, wani wurin watanni kaɗan ne kawai.