Shawara ga masu tsofaffin motoci kan baƙin mai

Waɗanda suka tuƙa Peugeot 504 a Kano za su tuna cewa SAE 40 (lambar tana nuna kaurin mai) ne baƙin man da kanikawa suka fi zubawa, domin kaurinsa yana jure zafin bazara, kuma yana rage hayaƙi a injin da ya sha aiki. Matsalarsa tana bayyana ne da sanyin hunturu, lokacin da yake ƙara kauri ya kasa zagaya injin da wuri. Saboda haka duk mai amfani da shi har yanzu ya bar motar ta ɗumama kafin ya taka totur, ko kuma ya koma 20W-50, wato man da ya fi saurin zagayawa a sanyi, kuma yake riƙe kaurinsa a zafi. Ƙaramin janareta kuwa galibi SAE 30 ne ya dace da shi.