Yadda ma'aikaciyar jinya za ta yi wa yaro rigakafi bisa doka

Dokar Haƙƙin Yara ta Najeriya ta 2003 ta ɗora wa iyaye da masu riƙo nauyin kammala rigakafin duk yaron da bai kai shekara 2 ba, kuma kyauta ake yin sa a asibitocin gwamnati. Sauran nauyin yana wuyanki, ke mai riƙe da sirinji.

Kafin ki taɓa kwalbar maganin, ki zauna da uwar yaro. Ki gaya mata sunan allurar, cutar da take karewa, da abin da zai iya biyowa baya, kamar ɗan zazzaɓi ko kumburi a cinya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba ta haƙƙin wannan bayani a harshen da take fahimta. A ganina nan ne aikin ya fi nauyi. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna har cikin 2004 saboda zargin da ake yi wa maganin, cutar kuma ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Idan uwa ta ce, "Sai na tambayi maigida," kada ki yi mata tsawa, kada kuma ki yi allurar a ɓoye. Ki rubuta, ki sa mata ranar dawowa.

In ta amince, ki duba katin yaron da jadawalin NPHCDA, hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa. Da haihuwa akwai BCG ta tarin fuka, ɗigon shan inna da ta ciwon hanta. Penta, allurar da ke kare cututtuka biyar, a mako 6, 10 da 14. Ƙyanda da shawara a wata 9, sai ƙyanda ta biyu a wata 15. Yaron da ya tsallake wata allura ba a komawa da shi farko, daga inda ya tsaya ake ɗorawa.

Sannan kwalbar. Dole ta fito daga sanyin digiri 2 zuwa 8. Ki karanta ranar ƙarewarta, ki dubi ɗan tambarin da ke jikinta: in murabba'in tsakiya ya yi duhu daidai da da'irar da ke kewaye da shi, zafi ya lalata maganin, a ajiye shi gefe. BCG da ta ƙyanda, da zarar an haɗa su da ruwansu, awa 6 ne iyakarsu. Kowane yaro da sabon sirinjinsa, a jefa shi cikin akwatin allura ba tare da mayar da murfi ba.

Bayan allura, uwa ta ɗan dakata a kan benci kina lura da yaron. Ki cike kati da rajista nan take, da lambar rukunin kwalbar, domin da ita ake bin sawu in matsala ta taso. Duk abin da ya wuce ɗan zazzaɓi, kamar suma, jijjiga ko ƙurji mai ruwa a wurin allura, ki fara taimakon yaron, sannan ki cike takardar rahoto ki kai wa jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar.