Yadda ɗalibin ƙauye zai shirya wa WAEC da NECO tun kafin ruwan shuka

Duk wanda ya yi sakandare a ƙauye ya san jarrabawar fita ba ta zuwa ita kaɗai. WAEC tana faɗowa a Mayu da Yuni, NECO ta biyo baya a Yuni da Yuli, daidai lokacin da hadari ya fara haɗowa daga gabas. Ranar da ruwan shuka ya sauka, babu mai tambayarka ko gobe kana da takarda. Sungumi za a miƙo maka da ƙwaryar iri, kafin ka farga kuma an shiga noman firi. Ɗan birni yana iya karatu har daren jarrabawa, amma kai lokacinka yana ƙarewa ne da ruwan farko. Don haka karatunka na gaske na rani ne: daga gero ya shiga rumbu zuwa ƙarshen Afrilu. Abin da ya biyo baya tilawa ce kawai.

Mataki na farko: san abin da ake nema a wurinka

Ko Jami'ar Bayero kake hari, ko ta Tarayya da ke Dutse, ko ta Sule Lamido a Kafin Hausa, sharaɗin farko ɗaya ne: kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi. Kiredit yana farawa daga A1 ya tsaya a C6. D7 da E8 sunansu an ci, amma ba sa buɗe ƙofar jami'a. Na sha ganin yaro ya kwaso sakamako mai kyau a Hausa da Addinin Musulunci da Aikin Gona, ya zo Lissafi ya sami D7, ya zauna gida shekara guda. Ba don ya rasa ƙwaƙwalwa ba ne. Ya ɓata raninsa ne a kan darasin da yake masa daɗi, ya riƙa kauce wa wanda yake ba shi tsoro. Turanci da Lissafi kullum ne, kamar tuwon dare. Sauran darussa su ake yi wa rabon kwana.

Idan kana aji biyar, kada ka raina jarrabawar tantancewa, domin a wasu jihohi da ita gwamnati take duba waɗanda za ta biya wa kuɗin jarrabawar fita.

Mataki na biyu: nemo manhaja da tambayoyin shekarun baya

Roƙi malaminku ya ara maka manhajar darasinsa ka kwafe kanun batutuwan. Gaban kowane batu sa alama: wannan na iya, wannan na ɗan ji, wannan ko sau ɗaya ba a koya mana ba. Kashi na uku yakan yi yawa a makarantunmu, musamman inda malamin Fiziks ɗaya yake riƙe da makaranta sukutum, ko babu shi sam. Kada ka zauna jiran a turo malami. Ga ɗan bautar ƙasa da aka kawo garinku yana zaman kaɗaici da yamma, ga yayyenku da ke Kwalejin Ilimi ta Gumel suna dawowa hutu. Je musu da batu guda takamaimai, ba "a koya mini Lissafi" ba.

Littafin tambayoyin baya kuwa, ku haɗu ku biyar kowa ya sayi na darasi ɗaya, a ba wa mai shiga Kano saƙo ya sayo a kasuwar Sabon Gari, ku riƙa musanye duk mako.

Mataki na uku: yi karatun boko yadda ka yi na allo

Nan ne nake son ka tsaya, domin hanyar da ta fi kowace aiki ka riga ka san ta tun kana ɗan shekara shida, ka dai ɗauka ba ta shafi boko ba. Tuna yadda ake yi a makarantar allo. Ba a rubuta maka izu guda a rana. Ɗan kaɗan ake rubutawa, ka yi ta maimaitawa, sannan ka kife allon ka biya wa malam da ka. In ka kakare, ba za a ce ka wanke ba. Bayan an wanke ma ba a sallame ka ba, akwai tilawar baya, don kada na jiya ya zube yayin da kake zuba na yau.

To me ya sa in an zo littafin Bayoloji sai ka buɗe shi kana bi da ido shafi bayan shafi, kana gyaɗa kai? Ido yana ruɗi. Ka ga abu sau uku sai ka ji kamar ka san shi, ranar da aka ɗauke littafin ka nemi ilimin ka rasa. Ga yadda za ka yi. Karanta batu ɗaya, shafi biyu ko uku. Rufe littafin. Ɗauki farar takarda ka rubuta duk abin da ka tuna, har da zane in akwai. Buɗe ka gwada, ka ja layi ƙarƙashin abin da ya kuɓuce maka. Gobe, kafin ka ɗauki sabon batu, sake rubuta na jiya da ka. Ka waiwaye shi bayan kwana uku, sannan bayan mako, sannan bayan wata. Ware Alhamis ko Juma'a ta zama ranar tilawa, ba a ɗaukar sabon karatu a cikinta.

Sai kuma biyawa. Sami aboki ɗaya ko biyu, kada ku wuce huɗu, don in kun yi yawa hirar ƙwallo za ta cinye zaman. Kowa ya yi wa sauran bayanin abin da ya karanta da Hausa tsantsa, kamar yana faɗa wa kakarsa. Wanda ya kasa bayyana yadda ganye yake haɗa abincinsa da hasken rana da Hausa, to bai gane ba, Turancin kawai ya haddace. In ya iya da Hausa, sai ya mayar da shi Turanci a rubuce.

Lokacin da ya fi albarka shi ne bayan sallar Asuba, kafin gida ya tashi da hayaniya. Awa ɗaya a nan ta fi uku na tsakar rana a zafin bazara. Fitila mai sola a ɗora ta kan katanga da rana ta sha caji. Waya kuma, in ba darasi kake saurara a ciki ba, bar ta wurin mai caji har ka gama.

Amma a kula, Lissafi ba ya haddatuwa. Shi kamar huɗa yake, hannu ne yake koyo. Duba misali ɗaya, rufe, yi shi da kanka, sannan ka yi biyar masu kama da shi.

Mataki na huɗu: gane abin da tambaya take so

Yaranmu da yawa sun san amsa, tambayar ce ba su ji ba. In aka ce "list" ko "state", jero kawai ake so. In aka ce "define", ma'ana a taƙaice. In aka ce "explain" ko "describe", ana son bayani da dalili. Mai jero abu biyar inda aka nemi bayani ya zubar da rabin makinsa, mai cika shafi inda aka nemi jero ya zubar da lokacinsa. Tattara irin waɗannan kalmomi daga tambayoyin baya, ba su da yawa.

A Turancin WAEC ana neman insha'i mai kalmomi kamar 450. Rubuta ɗaya duk mako, wasiƙa ko labari ko muhawara, ka kai a duba maka. Gajeren zance mai daidai ya fi dogon Turanci mai karyayyen baya.

Mataki na biyar: nemi alfarma a gida tun da wuri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka bari sai an yi ruwa ka ce kana da jarrabawa, za a ga kamar gudun aiki kake. Da zarar jadawali ya fito, kwafe shi ka sami mahaifinka bayan Isha, ka durƙusa ka ce: "Baba, ga ranakun da zan shiga jarrabawa. Ina neman alfarma a ɗauke mini gona a waɗannan kwanaki da jajibirinsu, sauran kwanakin ina nan." Uban da ya ga takarda da ranaku a ƙirge ya fi saurin yarda. Kai ma ka nuna hali: kai taki gona da sharar gona a yi su da kai tun da rani.

Ke kuma ƙanwata, naki ya fi nauyi, domin aikinki ba ya jiran damina. Ɗebo ruwa, surfe, wanke-wanke, raino, kullum suna nan. Zauna da Inna ku yi yarjejeniya a kan awa ɗaya ta safe da babu mai aikenki, ki rama da yamma. In bakinki ya yi nauyi, sa gwaggo ko yayarki ta yi miki magana.

Mataki na shida: gwada kanka da agogo

Daga Maris, duk mako ɗauki takardar shekara guda ka yi ta kamar a zaure, babu leƙen littafi. Takardar Lissafi ta biyu a WAEC tambaya 13 ce, ana amsa 10 cikin awa biyu da rabi, wato minti 15 ga kowace. In ka ga ɗaya ta riƙe ka, tsallake ta ka dawo. Kuma rubuta kowane mataki na aikinka, domin ana ba da maki a kan hanya ko da amsar ƙarshe ta kauce.

Mataki na bakwai: JAMB da maganar suna

JAMB, wato jarrabawar shiga jami'a, da kwamfuta ake yin ta, darasi huɗu, maki 400, tambaya 180 cikin awa biyu. Wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ya daure ya je shagon kwamfuta a hedikwatar ƙaramar hukuma ko da sau uku ne. Ba wani abin tsoro ba ne: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na gaba, P na komawa baya. Ba a rajista sai da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma a nan ake yin kuskuren da ke cin shekara. In Muhammad ne a NIN, kada ya zama Mohammed a WAEC, Mamman a JAMB. Suna da ranar haihuwa su zo iri ɗaya a ko'ina, ka duba da idonka kafin a tura.

Ranar jarrabawa

Za a zo maka da maganar amsa ta fito a waya, a turo kuɗi. Yawanci damfara ce, in ma ta gaske ce, hukumar tana riƙe sakamakon wanda aka kama, wani lokaci ta soke na cibiya gaba ɗaya, har da na wanda bai ji ba bai gani ba. Kuɗin gara ka sayi biro biyu, fensir HB, abin gogewa da kalkuleta, ka haɗa su da katin shaidarka a leda tun da dare saboda ruwa.

Ci wani abu kafin ka fita, ko kunu da ƙosai ne. Rubuta lambarka kafin komai. A takardar zaɓi kada ka bar gurbi, kuma duk bayan tambaya goma duba ko lambar da kake cikewa ta yi daidai da ta tambayar, don tsallake layi ɗaya yana lalata duk na ƙasansa. In an fito kada ka tsaya gardamar amsa a gindin bishiya, wuce ka duba ta gobe.

In tsakaninku da cibiyar akwai rafi ko hanyar da take yankewa in an yi ruwan dare, kada ka dogara da mai babur da safe. Nemi gidan dangi ko na abokin Baba a garin, ka ɗauki tabarmarka da fitilarka ka kwana can tun jajibiri.