Yadda Na Gyara Gadar Katako ta Hanyar Gonarmu

Bayan damina ta wuce, na lura cewa ƙaramar gadar da ke kan rafin hanyar gonarmu tana lanƙwasawa duk lokacin da amalanken shanu ya hau ta. Da na ɗaga alluna uku, sai na tarar gara ta cinye bakin manyan katakai biyu da ke ɗauke da gadar, daidai inda suka taɓa ƙasa mai laima. Na cire su na sa azarar giginya, domin gara ba ta cika cin ta ba, sannan na jera duwatsu ƙarƙashin kowane baki don kada itacen ya sake kwana cikin danshi. A ganina, duwatsun nan su ne ainihin gyaran. Allunan kuwa na shafe su da baƙin mai, na bar 'yar tazara tsakaninsu domin ruwa ya riƙa tsiyayewa.