Yadda za ka rage shayi, goro da Nescafé ba tare da ciwon kai ba

Kafeyin shi ne sinadarin da ke kore barci a cikin goro, shayi, gahawa da lemon ƙara kuzari. Babba mai lafiya bai kamata ya wuce miligiram 400 a rana ba, mai juna biyu kuwa 200 ne iyakarta.

Ka fara da lissafin abin da ke shiga cikinka. Jakar Lipton ɗaya tana da kimanin miligiram 40 zuwa 50. Kofin Nescafé mai ƙaramin cokali ɗaya kusan 60 ne, amma mai shayi sau da yawa cokali biyu yake zubawa. Ƙaramin gwangwanin Red Bull 80, ƙwayar Panadol Extra ɗaya 65. Abin da aka fi mantawa da shi shi ne goro: babban ƙwaya ɗaya na iya zarce kofin Nescafé, ga shi kuma ana ɓallarsa kaɗan-kaɗan tun safe har dare. A ataya kuma zagayen farko ya fi ƙarfi, don a nan ganyen ke sakin mafi yawan kafeyin ɗinsa.

Kafeyin yana toshe wani sinadari a ƙwaƙwalwa, adenosin, wanda ke sanar da jiki ya gaji. Idan kullum kana sha, jiki yakan saba, kofi ɗaya ya daina aiki, sai ka ƙara na biyu. Rabin abin da ka sha yana nan a jini bayan kamar awa biyar. Wanda ya sha miligiram 200 da ƙarfe biyar na yamma, da kusan 100 zai kwanta ƙarfe goma. Don haka a tsaya kafin la'asar.

Kada ka daina farat ɗaya. Ciwon kai, kasala da saurin fushi sukan fara bayan awa 12 zuwa 24, su yi tsanani a rana ta biyu, wani lokacin su kai mako. Wannan ne ciwon kan da mutane da yawa ke fama da shi a farkon azumi. Mafita ita ce ka fara ragewa tun tsakiyar Sha'aban: cire kashi ɗaya cikin huɗu duk bayan kwana uku ko huɗu, ka rage Nescafé zuwa rabin cokali, ka tsame jakar shayi da wuri, goron kuma ka raba shi biyu.

Bugun zuciya da sauri, rawar hannu, ƙwannafi da rashin barci alamu ne ka wuce gona da iri. Mai hawan jini ko gyambon ciki ya tuntuɓi likita. Maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna ciprofloxacin yana sa kafeyin ya daɗe a jiki, don haka a sassauta shayi a kwanakin shansa. Mai ƙarancin jini kuma, musamman mace mai ciki, ta bari awa ɗaya ta wuce bayan cin abinci kafin ta sha shayi, domin yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe.